Tsohon da Ya Auna Alhaji Mudi da Kara

Wata rana, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, wani tsoho ya auna wani mutum da kara alhali mutumin yana raye, yana kallonsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan rasuwa ya san abin da nake nufi. Kafin a gama yi wa mamaci wanka, akan samo karan dawa a gwada tsawonsa, a karya daidai nan, a aika wa masu haƙa kabari.

Ba a auna mai rai. Ko yaro ne ya yi da wasa, sai ya sha ranƙwashi.

Bari in faro muku daga farko.

Sunan mutumin Alhaji Mudi, dilan tayoyin mota ne. Allah Ya buɗa masa, buɗin kuma ya fito a jikinsa. Tumbinsa ke riga shi shiga shago, wuya ya ɓace, ƙeya ta yi ninki biyu.

In ya wuce sai ka ji ana cewa, "Masha Allah, Alhaji, hankali ya kwanta." Shi kuma ya shafa cikin ya yi murmushi.

Kun dai san halinmu. A wurinmu ƙiba shaidar arziki ce. Wanda ya rame kuwa, ko bashi ne ya ci shi ko ciwo yake ɓoyewa.

Masallacin unguwarsu, wanda daga tsakar gida kana jin gyaran muryar liman, da mota Alhaji Mudi yake zuwa.

Su huɗu ne a majalisarsu, a gindin wata darbejiya da ke ƙofar shagonsa: Alhaji Lawandi, Alhaji Barau, shi Mudi, sai Alhaji Sidi.

Kujerun roba sun gaji da karyewa a ƙarƙashinsu, sai suka sa mai walda ya ƙera musu na ƙarfe guda huɗu, aka jera. Kowa da tasa, ba a musaya.

Daga hantsi har magariba suna nan. Balangu mai kitse, masa tana iyo a cikin mai, lemon kwalba mai sanyi. Sallah kaɗai ke tayar da su, ita ma a nan gefen shago ake shimfiɗa tabarma.

Alhaji Lawandi ne mai kujerar farko.

Yana hawa benen sabon gidansa ya dafe ƙirji, ya zauna a kan matakala wai zai huta. Bai sake tashi ba.

Aka yi ta cewa, "Lafiyarsa ƙalau fa! Jiya ma mun gan shi, jiki ɓul-ɓul."

Shekara ba ta zagayo ba sai Alhaji Barau, mai kujera ta biyu.

Shi ana tsakiyar hira ne, yana dariya, da yankan nama a hannunsa. Dariyar ta tsaya cak, bakin bai rufe ba. Alhaji Mudi ya ɗauka tsokana ce, har ya zungure shi da gwiwar hannu. Sai mutum ya kifo.

Daga nan unguwa ta fara nuna kujeru da baki. Ta farko ta tafi, ta biyu ta tafi. Kowa ya san mai ta uku.

Wasu suka ce aljanu ne a darbejiyar. Wasu suka ce jifa aka yi wa majalisar. Aka zargi bishiya, aka zargi maƙiya, babu wanda ya zargi faranti.

Bayan la'asar aka ɗauki Alhaji Barau.

Alhaji Mudi bai taɓa raka gawa da ƙafa ba. Yakan riga mutane zuwa da mota, ya jira a ƙofar maƙabarta. Ran nan ma haka ya yi. Amma da makara ta iso, sai ƙanen mamacin ya kamo hannunsa.

"Alhaji, amininka ne. Kama ko daga nan zuwa bakin kabari."

Ba abin da za ka ce a'a a kansa ba ne. Ya sa kafaɗa.

Bai yi nisa ba ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Nauyin ya gangara hannun hagu, ya hau haƙoransa. Gumi mai sanyi ya keto masa, numfashi ya ƙi shiga.

Ya saki.

Makara ta karkace, jama'a suka ɗauki salati, masu ƙarfi suka tare ta kafin ta kai ƙasa. Aka wuce da gawa. Shi kuma ya lallaɓa ya zauna a kan saiwar wata tsamiya, kunya da tsoro suna cinsa.

Muryoyi suka yi nisa. Wurin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu.

Sai ya ji a jikinsa ana kallonsa.

Ya ɗaga kai. Wani tsoho ne siriri a tsaye gabansa kaɗan, da farar riga da ta sha wanki, babu takalmi. A hannunsa akwai dogon karan dawa.

Tsohon bai yi sallama ba. Ya ɗaga karan a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya dubi Alhaji Mudi daga hula zuwa ƙafa. Sannan ya kwantar da karan a gicciye, ya dubi faɗinsa. Ya sa farce ya yi alama a jikin karan.

Alhaji Mudi ya dubi karan, ya dubi tsohon.

"Baba, lafiya? Ai mamacin yana can gaba."

"Na gama da wancan tun da safe. Kai nake dubawa."

"Ni ai da raina!"

"Na gani. Shi ya sa ban karya karan ba."

Ya jingina karan a jikin tsamiyar, ya juya, ya bi ta tsakanin kaburbura har ya ɓace. An yi ruwa da safe, ƙasar wurin da laushi. Alhaji Mudi ya dubi inda tsohon ya tsaya, bai ga sawun ƙafa ba.

Da aka gama binnewa ya tambayi masu haƙa. Suka dubi juna. Suka ce su dai babu tsoho mai wannan kama a cikinsu.

Bai taɓa karan ba. A nan ya bar shi, ya shiga mota.

Washegari da hantsi ya isa shago. Kara na jingine a jikin kujera ta uku.

Alhaji Sidi ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, yaran unguwa ne. Kara ai ko'ina akwai shi."

Wataƙila gaskiyarsa. Amma da Alhaji Mudi ya shiga cikin shago shi kaɗai, sai ya tsayar da karan a gefensa. Alamar farcen ta tsaya daidai tsakiyar kansa, ba ƙari ba ragi.

Ya kasa ƙona shi, ya kasa jefar da shi. Ya kai shi gida ya ajiye a bayan ƙofar ɗakinsa.

To me kuke tsammani ya yi bayan nan?

Abin da da yawanmu za mu yi. Ya sa aka sare darbejiyar, baiwar Allah da ba ta ci naman kowa ba. Aka kafa rumfar kwano a wurin, aka turare kujeru da hayaƙi.

Shi kuma ya koma gida ya kwanta, wai hutu yake bukata. Matarsa, saboda so, ta shiga yi masa farfesun ƙafar sa da na kayan ciki safe da yamma, don ya samu ƙarfi.

Abu ya ƙaru. Ko ruku'u ya yi sai ya tsaya yana haki. Kuma duk sanda aka rufe ƙofar ɗakin, ga kara yana tsaye a lungu.

Ana haka sai ga mahaifiyarsa, Inna Delu.

Tsohuwa ce da ta haura tamanin, 'yar siririya, tana zaune can cikin gari a tsohon gidansu. Ya sha aika mata mota tana mayarwa. Ran nan ma da ƙafarta ta zo, ta shigo ko haki ba ta yi.

Ya ba ta labarin tsoho da kara. Ta saurara har ya gama.

"Ni ban ga tsoho ba, Mudi, kai na gani. An ce mini makarar Barau ka saki."

Ya sunkuyar da kai.

"Namiji ɗaya Allah Ya ba ni. Tun kana goye nake cewa wannan ne zai sa ni a kabari da hannunsa. Yanzu gaya mini gaskiya, don in san shirin da zan yi. Kai za ka kama makarata, ko ni zan zauna a tabarma ana yi mini gaisuwarka?"

Wallahi maganar nan ta fi karan tsorata shi. Ƙato guda, mai jikoki, ya fashe da kuka.

"Ni zan kama, Inna. In Allah Ya yarda ni zan kama."

"To tashi ka je asibiti. Bishiya ka riga ka sare, me ya canza?"

Ya je.

Likitar da ta duba shi ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce jininsa ya hau sosai, kitse kuma ya fara cushe hanyoyin da ke kai jini zuciya. Ta ce nauyin da ya ji a ƙirji ran jana'iza gargaɗi ne, kuma ba kowa ke samun gargaɗi ba.

Ta ɗora shi a kan magani. Ta ce a rage mai, a rage gishiri, a rabu da lemon kwalba. Sannan ya riƙa tafiya da ƙafa kullum, ya fara a hankali, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ya ji ƙirji ya riƙe, ya tsaya, ya dawo ta gan shi.

Ta ce, "Ajali na Allah ne, Alhaji, ban isa in ƙara maka ko minti ɗaya ba. Amma zuciyar nan ita kaɗai take ɗauke da duk wannan nauyin, kuma ta gaji."

Ya ce ai tafiya ba wuya.

Haka ya zata.

Da safe ya fito. Bai kai kwanar layinsu ba wata mota ta ci birki.

"Subhanallahi, Alhaji! Ina motar? Shigo, shigo!"

Ya ce motsa jiki yake. Mai motar ya yi masa wani irin kallo na tausayi ya wuce. Sai wata ta tsaya. Sai mai babur. Wani dattijo ma har rantsuwa ya yi cewa ba zai wuce ya bar babban mutum a ƙasa ba, dole Alhaji Mudi ya shiga aka mayar da shi gida.

Kafin azahar labari ya zagaye kasuwa cewa ya karye, an ƙwace motocinsa. Alhaji Sidi ya ja shi gefe ya rage murya.

"Alhaji, in wani abu ne ya same ka, ka faɗa mini. Ai mun wuce haka da kai."

Kun ga irin kirkinmu? Da ladabi da girmamawa za mu raka mutum har kabari, ba za mu bari ya taka ƙasa ba.

Ya gwada, ya sake gwadawa, kullum haka. Saura kaɗan ya haƙura.

Sai wata rana yana tsaye a ƙofar gida aka zo wucewa da gawa. A cikin masu rakiya ya hango wani attajiri da ya fi shi komai, yana tafe a ƙasa, gumi sharkaf. Motoci suna rage gudu suna wucewa. Babu wanda ya ce masa shigo.

Alhaji Mudi ya bi su da kallo.

Ashe a garin nan akwai tafiya guda ɗaya da ba a tare babban mutum a cikinta.

Ya zura takalmi ya bi bayansu. Bai ma san waye ya rasu ba.

Ran farko an bar shi a baya tun kafin a fita unguwa. Yana tafe yana hutawa a jikin katangu. Da ya isa maƙabarta, mutane fitowa suke yi.

Bai daina ba. Duk inda aka yi sanarwar jana'iza, ka ga Alhaji Mudi a bayan sahu. Ranar da ba a yi rashi ba kuwa, sai ya kama hanyar shi kaɗai. In mota ta tsaya ya ce, "Ziyara zan je maƙabarta."

Ba ka ga yadda ake jan mota ba. Babu mai son rage wa mutum hanya zuwa can.

Duk zuwan da zai yi sai ya saci kallon gindin tsamiya. Babu kowa. Duk dawowar da zai yi sai ya leƙa bayan ƙofa. Kara na nan.

Sannu a hankali ya daina isa bayan an watse. Ya fara riskar addu'a. Ya fara tafiya a tsakiyar jama'a. Wata rana ya sa kafaɗa a makarar wani bawan Allah na ɗan lokaci, ya saurari ƙirjinsa, bai ji komai ba sai bugu mai kyau.

Farfesu ya koma na lokaci-lokaci, tuwo ya ragu, ganye ya ƙaru. Riguna suka koma wajen tela aka rage. Wuya ya dawo. Likita ta ce jinin ya sauka, amma kada ya kuskura ya bar magani.

Kuna tsammani gari ya yi masa murna?

Ina! Cewa aka yi jifan ya kama shi, ga shi nan yana zagwanyewa. Aka sa masa suna Alhaji Mai Bin Gawa. In ya je dubiya, 'yan gidan mara lafiya su tsargu, a ce masa ai barci yake yi.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutumin da aka saba tashi a ba shi wuri, yau ana kauce masa a hanya. Sau da yawa yakan dawo gida ya rasa wanda zai gaya wa. Inna Delu kaɗai ke dubansa ta ce, "Yanzu na fara gane ɗana."

Alhaji Sidi kuwa ya koma kan kujera ta uku, wai ta fi tasa faɗi.

"Tunda ka gudu ka bar ta, ni na gaje ta. Ni ban yarda da camfi ba."

"Ba kujerar ba ce, Alhaji Sidi, zaman ne da farantin. Taso mu taka tare, ko zuwa bakin titi ne."

"Ni da Allah Ya hore wa mota? Kai dai je ka, ka gaishe da mutanen maƙabarta."

Damina biyu ta wuce a haka.

Wata safiya aka aiko daga cikin gari. Inna Delu ta idar da sallah, ta jingina da bango da carbi a hannu, ta cika.

Alhaji Mudi ya yi salati. Ya juya zai ɗauki hularsa a bayan ƙofa, sai ya tsaya.

Karan ba ya nan.

Ya tambayi matarsa, ta rantse ba ta taɓa shi ba, ita ko share lungun ba ta yi saboda tsoro. Ya ɗauki hula ya fita.

Da aka sallaci Inna, shi ya fara sa kafaɗa, a gaba ta dama.

Tsakanin tsohon gidansu da maƙabarta akwai tazara. Sauran kusurwoyi uku aka yi ta karɓa-karɓa kamar yadda aka saba. Shi ma aka yi ta matsowa.

"Alhaji, kawo a karɓe ka."

"Bar ni."

"Alhaji, za ka gaji fa."

"Don Allah ku bar ni. Alkawari ne."

Bai saki ba har bakin kabari. Ya tuɓe takalmi ya shiga ramin da a da ko rabinsa ba zai shiga ba. Aka miƙo masa ita, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya kwantar da ita da hannunsa, ya gyara mata kwanciya, ya fito ba tare da an jawo shi ba.

Ya yi kuka sosai, kukan rashin uwa. Amma a ƙasan kukan akwai godiya, don ba ita ce ta zauna a tabarma ba.

Jama'a suka fara watsewa. Shi ne na ƙarshe.

Da ya zo daidai tsamiya, sai wurin ya sake yin tsit.

Tsohon yana tsaye, da farar rigarsa, da kara a hannu. Alhaji Mudi ya gane karan, ga alamar farcen nan.

Tsohon ya ɗaga shi a tsaye, ya rufe ido ɗaya. Ya kwantar da shi a gicciye, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sauke.

"Sannu da tafiya, Alhaji."

"Baba, ka fasa ne?"

"Ba a fasawa, kowa da ranarsa. Amma tsohuwa ta samu abin da ta roƙa."

Ya saɓa karan a kafaɗa. Wannan karon bai nufi cikin kaburbura ba, ƙofar fita ya nufa.

Alhaji Mudi ya bi shi da ido.

A bakin ƙofar akwai wata babbar mota a tsaye, gilashi a rufe, inji na aiki. Alhaji Sidi ne a ciki yana shan sanyi, yana jiran a fito ya yi gaisuwa.

Tsohon ya tsaya a gefen motar. Ya ɗaga kara. Ya rufe ido ɗaya.

Alhaji Mudi bai san sanda ya ruga ba, shi da a da ko ruku'u sai ya yi haki. Kafin ya isa babu tsoho. Ya fizge ƙofar motar ya kama hannun abokinsa.

"Fito."

"Lafiya, Alhaji? Ina za mu?"

"Gida, da ƙafa, a hankali. Gobe kuma asibiti, ni zan kai ka."

Alhaji Sidi ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba. Sai ya dubi fuskar Alhaji Mudi, ya fasa. Ya kashe mota, ya fito da ƙyar yana nishi.

Ya ce shi bai ga wani tsoho ba. Amma da ya zagayo zai rufe ƙofa, sai ya tsaya, murya ta canza.

"Alhaji, wa ya jingina kara a jikin motata?"

Ran nan da ƙafa suka koma, suna tafe suna hutawa.

Kada ku tambaye ni ko wane ne tsohon. Ban sani ba, kuma ba na son in haɗu da shi in tambaya.

Darasi:

Ranar kowa tana hannun Allah, amma jikin nan amana ne, kuma tumbi ba shaidar lafiya ba ne. Yawan zama, yawan maiƙo da nauyin da ya wuce kima suna gajiyar da zuciya a ɓoye, mutum yana dariya ana ce masa masha Allah.

Ka je a auna jininka. In kana jin nauyi a ƙirji ko haki daga ɗan motsi kaɗan, ka ga likita kafin komai. Sannan ka taka da ƙafarka kullum, ko da mutane za su ce ka karye.

Mu kuma, don Allah, in mun ga babban mutum yana tafiya a ƙasa, mu gaishe shi mu wuce. Wataƙila alkawarin uwarsa yake ƙoƙarin cikawa.

Kowannenmu yana da Alhaji Sidinsa, a gida ko a majalisa. Tura masa wannan yau, sannan gobe da safe ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ku taka tare.